Hunainu ɗan Isiyaku, Tafintan Yunanawa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami mai duba littattafan magani na Larabci, da wuya a ce bai ji an ambaci Jalinusu da Buƙuratu ba. Malamai su kan kawo sunayen nan kamar na waɗansu dattawan unguwa, su ce Jalinusu ya ce kaza, Buƙuratu ya hana kaza. Ni kaina na daɗe ina tsammani Larabawa ne. Ashe Yunanawa ne, watau mutanen da yanzu a ke ce wa Girkawa, kuma ko harafi ɗaya ba su rubuta da Larabci ba. An haifi Buƙuratu a tsibirin Kos wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa. Jalinusu kuwa an haife shi a Fargamus, cikin ƙasar da ta ke Turkiyya yanzu, a shekara ta 129, ya yi aikin likita a Rum, ya mutu wajen 216. To, maganarsu ba da ƙafarta ta shiga Larabci ba, mutane ne suka ɗauke ta. Cikin mutanen nan babu wanda ya kai Hunainu ɗan Isiyaku, wanda Larabawa ke kira Hunain ibn Ishaƙ.

An haife shi a shekara ta 808 ko 809 a Hira, wani tsohon gari kusa da Kufa a ƙasar Iraƙi. Ubansa mai haɗa magani ne. Danginsu su ne a ke kira Ibadawa, Larabawa ne da suka karɓi addinin Almasihu tun kafin zuwan Musulunci, suka kuma zauna a kansa. Littattafan Larabci sun ce shi Banasare ne. Sai mai koyon Hausa ya lura a nan, gama a bakin Bahaushe Nasara ya koma yana nufin Turawa, alhali kuwa asalin kalmar mabiya Almasihu ta ke nufi, ko da baƙaƙe ne ko Larabawa. Hunainu ya tashi da harshe biyu: Larabci a gida da kasuwa, Suryananci a majami'a da makaranta. Suryananci ɗan'uwan Larabci ne da Ibrananci, shi ne harshen karatun Kiristocin Iraƙi da Sham, kuma tun ƙarni na shida wani malami, Sarjisu na Ra'asul Aini, wanda ya mutu a 536, ya riga ya juya littattafan Jalinusu da dama cikinsa.

Yana saurayi ya tafi Bagadaza neman ilmin magani. Garin sabo ne a lokacin, Halifa Mansur ne ya kafa shi a 762, amma dukiya ta riga ta taru cikinsa, takarda kuma ta fara samuwa da araha. Hunainu ya zauna gaban Yuhanna ɗan Masawaihi, babban likitan fada. Labarin abin da ya faru tsakaninsu ya zo mana ta hannun Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya tara tarihin likitoci, ya mutu a 1270. Wai yaron ya cika tambaya. Ga shi kuwa likitocin Bagadaza na lokacin yawancinsu zuriyar mutanen Jundisabur ne, suna ganin magani gadonsu ne, suna raina mutanen Hira da cewa 'yan kasuwa ne. Ran nan Hunainu ya yi wata tambaya, malamin ya husata, ya ce me ya haɗa mutumin Hira da magani, ya tafi bakin hanya ya yi canjin kuɗi irin na danginsa. Aka fitar da shi yana kuka.

Ya ɓace, shekara biyu ko fiye ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Sai wata rana wani wanda ya san shi ya shiga gidan wani abokinsa, ya tarar da mutum gashi ya rufe masa fuska, yana kai da kawowa yana rera waƙar Homa, babban mawaƙin Yunanawa, da harshen Yunananci. Da murya ya gane shi. Hunainu ya roƙe shi ya rufa masa asiri tukuna, domin ya yi alkawari ba zai koma kan magani ba sai ya ƙware a harshen da aka rubuta maganin da shi. Ba da daɗewa ba ya kai wa Jibrilu ɗan Bakhtishu, shugaban likitoci, wata fassara da ya yi. Tsohon ya karanta, ya girmama shi, ya kira shi malam. Da fassarar ta kai hannun Yuhanna, shi ma ya sauko, ya nemi a shirya su. Daga baya Hunainu ya yi masa fassara da yawa.

Akwai labarai biyu da a kan haɗa da wannan, waɗanda ya kamata a ajiye su gefe. Na ɗaya, wai ya je Basra ya koyi nahawu wurin Halilu ɗan Ahmadu. Wannan ba ya yiwuwa, gama Halilu ya rasu kusan shekara ashirin kafin a haifi Hunainu. Na biyu, wai Halifa Ma'amun ya naɗa shi shugaban Baitul Hikima, yana kuma biyansa nauyin kowane littafi da zinariya, shi ya sa ya ke rubutu da manyan baƙaƙe a kan takarda mai kauri. Labari ne mai daɗi, an kuma maimaita shi a littattafan makaranta da yawa. Amma Dimitri Gutas, a littafin da ya buga a 1998, ya bi tsofaffin madogara ya nuna Baitul Hikima ɗakin ajiye littattafai ne na fada, babu kuwa shaidar da ta nuna a can aka yi fassarar littattafan Yunanawa. Hunainu da kansa ya lissafa mutanen da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, bai ambaci gidan nan ba ko sau ɗaya.

Su wane ne ke biya ke nan? Likitoci 'yan'uwansa, waɗanda su ke son fassara da Suryananci, da manyan fada da attajirai Musulmi, waɗanda su ke so da Larabci. Cikin waɗannan na baya, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, masana lissafi da taurari, sun fi kowa sakin hannu. An ruwaito su kan kashe wajen dinari 500 kowane wata a kan masu fassara, cikinsu har da Hunainu da ɗan 'yar'uwarsa Hubaishu da Sabitu ɗan Ƙurra. Kuɗin nan ba sadaka ba ne. Likitan da ke riƙe da Jalinusu sahihi ya fi abokin takararsa a gaban halifa, mai mulki kuma yana bukatar masu auna ƙasa da masu duba taurari.

Abin da ya sa muka san aikin Hunainu fiye da na kowane mai fassara na zamanin, wata wasiƙa ce da ya rubuta wa Aliyu ɗan Yahaya, wani na kusa da Halifa Mutawakkil, yana da shekara 48, watau wajen 856, ya kuma yi mata ƙari daga baya. Wani Bajamushe, Gotthelf Bergsträsser, ya buga ta a Laifzig a 1925 daga wani kofe da ke Istambul. A cikinta Hunainu ya jera littattafan Jalinusu 129. Kowane ɗaya ya faɗi abin da ke ciki, da wanda ya fara fassara shi, da ko fassarar ta yi kyau, da wanda shi ya yi wa tasa, wani lokaci har da shekarunsa sa'ad da ya yi ta. Kusan ɗari daga ciki ya sa hannu a kansu, yawanci da Suryananci, waɗansu da Larabci, waɗansu duka biyu.

Ba ya jin nauyin kowa a wasiƙar nan. Ya kan ce fassarar wane mummuna ce, wane kuwa bai fahimci littafin ba, Sarjisu ya yi wannan tun bai goge ba. Amma bai bar kansa ba. Ya ce akwai littafin da ya fassara wa Jibrilu yana ɗan shekara goma sha bakwai, daga kofe ɗaya mai kurakurai, ya koma ya gyara shi bayan ya girma. Akwai kuma wani ƙaramin littafi a kan ƙungiyoyin likitoci, wanda ya fassara yana da shekara ashirin daga kofe mai ɓaraka ƙwarai. Da ya kai wajen arba'in, Hubaishu ya roƙe shi ya gyara. A lokacin ya riga ya tara kofe da yawa na Yunananci. Sai ya shimfiɗa su, ya gwada wannan da wancan har ya fitar da matani guda ingantacce, kana ya ɗauko tsohuwar fassararsa ya gyara ta a kansa. Ya ce haka ya saba yi a duk abin da ya ke fassarawa.

Ya kamata a tsaya a nan kaɗan, domin wannan shi ne gindin al'amarin. A zamanin da babu maɗaba'a, kowane littafi da hannu a ke kwafarsa, kuma duk mai kwafa sai ya yi kuskure: ya tsallake layi, ko ya karanta kalma ba daidai ba, ko ya shigar da bayanin da wani ya rubuta a gefe cikin matani. Tsakanin Jalinusu da Hunainu shekara ɗari shida ne da wani abu, kuskure bisa kuskure. Wanda ya dogara ga kofe ɗaya, kuskuren zai fassara da gaskiyar duka, mai karatu kuma ya ɗauka duk maganar Jalinusu ce. In littafin waƙa ne da sauƙi. In kuwa littafin magani ne, aka sauya awon ƙwaya ɗaya, rai ne. Malamanmu da ke kwafar littattafai sun san wannan ciwo, shi ya sa a kan ga almajiri ya kai kofensa wurin malami a karanta a gwada. Abin da Hunainu ya ƙara shi ne, bai ɗauki kofe ɗaya ya ce shi ne uwa ba, duka ya tuhume su.

Neman kofen ma aiki ne. Jalinusu yana da wani babban littafi a kan hujja, watau yadda a ke tabbatar da magana, mai kashi goma sha biyar. Hunainu ya ce ya neme shi a Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har ya kai Iskandariyya, bai sami kome ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa, shi ma ba a jere ba. Ya fassara abin da ya samu. Wani karo kuma, yana Raƙƙa a zamanin yaƙe-yaƙen Ma'amun, shi da likita Salmawaihi suka zauna gyaran wata tsohuwar fassarar Sarjisu, Salmawaihi na riƙe da Suryananci, shi yana riƙe da Yunananci, in sun zo inda suka saɓa ya faɗa a gyara. Da gyaran ya yi yawa, Salmawaihi ya ga gara a sake sabuwa ɗungum. Hunainu ya fassara kashi takwas. Aka sa littafin a jirgin ruwa za a kai Bagadaza a kwafa, wuta ta tashi a jirgin, ya ƙone, babu wani kofe. Bayan shekaru ya sake yin aikin daga farko.

Game da yadda ya ke juya magana, Safadi, wani marubuci da ya mutu a 1363, ya ce hanyar fassara biyu ce. Waɗansu su kan ɗauki kalmar Yunananci ɗaya su sa ta Larabci ɗaya a madadinta, su bi haka har ƙarshe. Hunainu kuwa ya kan karanta jimla duka, ya riƙe ma'anarta a zuci, sa'an nan ya faɗe ta da Larabci, ko kalmomin sun yi daidai ko ba su yi ba. Masana na yanzu da suka gwada matanin sun ga Safadi ya sauƙaƙa abin da yawa, gama na farkon ba duka ne ke bin kalma kalma ba. Amma abin da ya faɗa game da Hunainu yana da ƙamshin gaskiya. Ni da na ke fama da ɗalibai a kan wannan kullum, na san wuyar abin. In an ce wa ɗalibi ya juya "ciwon ya ci ƙarfinsa" zuwa harshensa, sai ya tafi neman wanda ya ci da abin da aka ci. Hunainu ya kan duba wanda zai karanta ma. Ya ce littafin ƙasusuwa da ya yi wa Yuhanna ya buɗe maganarsa iyakar iyawarsa, domin mutumin yana son magana a fili.

Inda kuwa bai gane ba, ya kan faɗa. A wani littafi Jalinusu ya kawo baitocin Aristofanis, mai rubuta wasannin ban dariya. Hunainu ya rubuta cewa ya bar su, domin kofen da ke hannunsa ya ɓaci a wurin, shi kuma bai saba da maganar mawaƙin nan ba, ga shi kuma ba su ƙara kome a kan abin da Jalinusu ya riga ya faɗa ba. A ganina wannan ɗan bayani ya fi labarin zinariyar nan daraja. Sai dai akwai inda shi da almajiransa suka sa hannu da gangan. Yunanawan dā masu alloli da yawa ne, masu karatun Hunainu kuwa, Musulmi da Kirista da Yahudu, duk masu Allah ɗaya ne. Saboda haka inda aka ce alloli, sau da yawa fassara ta kan ce Allah, ko mala'iku, ko waliyyai. Mai neman sanin addinin Yunanawa ba zai same shi sosai ta nan ba.

Ba fassara kaɗai ya yi ba. Ya rubuta littafin tambayoyi a kan magani domin masu farawa, tambaya da amsa, wanda Hubaishu ya ƙarasa. A ciki a ke koyon rukunan jiki huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, da zafi da sanyi da danshi da bushewa, da yadda rinjayen ɗaya ke kawo cuta. An juya shi da Latin a Italiya wajen ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya, aka mai da sunansa Yohanitiyus, ya zama littafin farko da ɗalibin likita ke karantawa a jami'o'in Turai har ƙarni na goma sha shida. Ya kuma yi maƙala goma a kan ido, cikin shekara talatin da wani abu, waɗanda Max Meyerhof, wani likitan ido, ya buga a Alƙahira a 1928. Zanen ido da ke cikin kofen littafin nan yana cikin mafi tsufa da a ke da su. Kuskuren Jalinusu na nan ciki: ya sa ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara a tsakiyar ido, ya ce ita ce ke gani, wani ruhu kuma na saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin jijiya. Sai a 1604 Kepler ya nuna a bangon bayan ido hoto ke sauka. Hunainu mai bin Jalinusu ne, ba mai ja da shi ba.

Zaman fada bai bar shi lafiya ba. An ce Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, ya umurce shi ya haɗa dafi domin wani maƙiyi. Ya ce shi magani mai amfani kaɗai ya koya. Aka tsare shi shekara guda, aka fito da shi, aka ajiye dukiya a gefe ɗaya, takobi a gefe ɗaya, bai sake magana ba. Sai halifa ya yi dariya ya ce gwada shi ya ke yi, ya tambaye shi abin da ya hana shi. Ya ce abu biyu, addininsa da sana'arsa: addini ya ce a kyautata ko ga maƙiyi, likitoci kuwa sun yi rantsuwa ba za su ba da abin kisa ba. Masifa ta biyu daga 'yan'uwansa likitoci Kirista ta fito. Bakhtishu ɗan Jibrilu, ɗan mutumin da ya fara ɗaga shi, ya yi masa tarko har ya tofa yau a kan hoton Maryamu da ɗanta a gaban halifa. Aka miƙa hukuncinsa ga shugaban majami'arsu, aka yi masa bulala, aka kulle shi wata shida, aka kwashe littattafansa. Sai da halifa ya kwanta ciwo aka fito da shi. Labarin nan an rubuta shi kamar daga bakin Hunainu, amma masana da yawa suna ganin wani almajirinsa ne ya tsara shi, akwai kuma wata ruwaya da ta sa abin a zamanin wani halifa da wani maƙiyi dabam. Abu ɗaya dai tabbatacce ne: a wasiƙar nan tasa ya ce ya yi hasarar dukan littattafan da ya tara tun tasowarsa a garuruwa dabam dabam.

Ya mutu a 873. Ɗansa Isiyaku, wanda ya rayu har wajen 910, ya fi karkata ga falsafa da lissafi. Shi ya juya littattafan Aristo da dama da Larabci, waɗansu daga Suryanancin ubansa, da littafin Iƙlidisu na handasa, da babban littafin Batlamusu na taurari. A kan irin waɗannan fassarori Farabi da Ibn Sina suka yi gini, daga gininsu kuma aka ciro gajerun littattafan manɗiƙi na baya, irin Sullam na Ahdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na goma sha shida, wanda malaman ƙasar Hausa ke karantarwa. Almajirin da ke haddace shi a Kano ko Sakkwato, ilmin Aristo ya ke haddacewa.

Waɗansu littattafan Jalinusu yau da Larabci kaɗai a ke samunsu. Babban littafinsa na fiɗa kashi goma sha biyar ne; na Yunananci ya tsaya a cikin kashi na tara, sauran sai a fassarar gidan Hunainu, wadda Max Simon ya buga a 1906. Littafin hujja kuwa, wanda ya sha yawo dominsa, ya ɓace duka, har rabin nan na Dimashƙa, sai gutsattsarin da marubuta irin su Razi suka kawo. Akwai kuma wani ƙarami a kan kawar da baƙin ciki, wanda Jalinusu ya rubuta bayan gobarar Rum ta 192 ta cinye littattafansa da magungunansa. Hunainu ya lissafa shi, ya ce an fassara shi da Suryananci da Larabci, amma fassarorin duka sun salwanta, na Yunananci ma an daɗe da fid da rai da shi. A 2005 wani ɗalibi Bafaranshe, Antoine Pietrobelli, yana duba jerin littattafan wani gidan sufayen Kirista a birnin Tasalonika, ya kai ga wani kofe na ƙarni na goma sha biyar, aka buɗe, sai ga littafin a ciki.